Zuba polima a bututun kunun kwali: tana rage gogayya da gaske, ko wahalar banza ce?

DanMarwa_Kwali
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce ga masana famfo da bututu. A ɗauka masana'antar kwalin ƙwai ce. Ana jiƙa tsohon kwali, a dama shi ya zama kunu, a tura shi ta bututun PVC mai faɗin milimita 100, tsawon mita 300, zuwa tankin injin zubi. Kaurin kunun kashi 1.5 cikin ɗari, wato kilo 15 na busasshen zare a kowace mita-kubik. Ana son kwashe tanki mai mita-kubik 40 cikin kamar rabin awa, tun kafin kuran (wutar lantarki) ya ɗauke, amma famfon ba ya kaiwa. Ana cewa giram 30 kacal na polima (sinadarin da ƙwayoyinsa ke haɗe kamar doguwar sarƙa) a mita-kubik zai rage asarar matsi da rabi. Gaskiya ne? In haka ne, wace iri, kuma a ina ake zuba ta?

Injiniya_Garwa
Wa alaikumus salam Malam. Maganar tana da asali. Tun 1948 wani masani mai suna Toms ya nuna cewa ɗan polima mai doguwar sarƙa yana rage gogayyar ruwa da bangon bututu idan gudun ya hargitse. Zare shi kaɗai ma yana yin haka, masu takarda sun lura da shi tun 1931. Amma kafin ka sayi ko buhu ɗaya, sai ka san a wane mataki kununka yake tafiya, don kunun zare ba ruwa ba ne.

A ƙaramin gudu zaren yana sarƙewa ya zama curi guda mai cika bututu, yana gogar bango kai tsaye. A nan asarar matsi ta fi ta ruwa nesa ba kusa ba. Ka ƙara gudu, sai siririn ruwa ya raba curin da bango, asarar ta tsaya ko ma ta ɗan sauka. Ka ƙara kuma, ruwan gefen ya hargitse ya fara yagar curin, har a kai inda asarar kunu ta daidaita da ta ruwa zalla, sannan ta koma ƙasa da ita. Duffy na Jami'ar Auckland ya ba da lissafin wannan wuri: gudu a mita cikin daƙiƙa = 1.22 × kauri^1.4. Kauri 1 ya ba da 1.22, kauri 1.5 ya ba da 2.15, kauri 2 ya ba da 3.2, kauri 3 ya ba da 5.7. Abin da kake nema, mita-kubik 85 a awa cikin bututun 100, mita 3 ne a daƙiƙa. Ka wuce 2.15, don haka akwai hargitsin da polima za ta yi aiki a kansa. Da kaurin 3 ne da na ce ka manta.

MalamFamfo
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai a ƙara: wannan lissafin an fitar da shi ne daga tsabtataccen zaren katako. Tsohon kwali zarensa gajere ne, ga gari, ga sitaci, ga yashi. Curinsa bai kai na sabon zare ƙarfi ba. Ka ɗauki 2.15 a matsayin manuniya, ka tabbatar da agogon matsi.

Kusiri_Tiyo
To ni ban gane ba. Abin da ke sa ruwa ya yi kauri ta yaya zai sa ya fi gudu? Koko da ruwa wa ya fi saurin bin tiyo?

Hajiya_Kimiyya
Ƙanena, bambanta kauri da yauƙi. Koko kauri ne. Miyar kuɓewa yauƙi ne, ka ɗaga ludayi ka ga zare yana bin sa. Giram 30 a mita-kubik kusan ba ya canza kaurin ruwa, ba za ka gane da ido ba. Abin da yake canzawa shi ne yadda ruwa ke amsawa idan an ja shi da sauri.

A hargitsattsen gudu, yawancin ƙarfin famfo yana ƙarewa ne a ƙananan juye-juye da ke tashi daf da bango suna wurga ruwa mai jinkiri zuwa tsakiya. A misalin Malam, ƙarfin gugar bango kimanin faskal (ma'aunin matsi) 14 zuwa 15 ne, kuma yankin da waɗannan juye-juye suka fi tashi bai wuce kashi biyu cikin goma na milimita daga bango ba. Sarƙar polima a naɗe take kamar ƙwallon zare. Idan ta shiga wurin sai ta miƙe, ta yi tirjiya, ta raunana juyin. Zaren kwali kuwa, mai tsawon milimita 1 ko 2, ya fi wannan yankin gaba ɗaya tsawo, don haka nasa aikin a can tsakiyar bututu yake, yana danne manyan juye-juye. Kowa da gonarsa. Shi ya sa haɗa su yake iya fin kowanne shi kaɗai. Lee da Vaseleski da Metzner sun wallafa wannan a 1974, suka ga ragin da ya haura kashi 95 cikin ɗari.

Dalibi_Poli
Kashi 95! Ashe ma famfon rabin wannan zai isa.

Injiniya_Garwa
Tsaya ɗalibi, kar ka yi saurin yanke hukunci. Da zaren asbestos aka samu irin wannan adadi, wanda tsawonsa ya ninka kaurinsa sau dubbai, a ɗakin gwaji, a miƙaƙƙen bututu. Asbestos kuwa yana jawo sankarar huhu. Zaren kwali tsawonsa bai fi ninki 30 zuwa 100 na kaurinsa ba. Kar ka gina lissafin masana'anta a kan wannan lamba.

Polima ita kaɗai ma tana da iyaka. Wani masani mai suna Virk ya nuna akwai layin iyaka da ko nawa ka zuba ba ka wuce shi (f lambar gogayya ce, Re lambar Reynolds mai auna hargitsin gudu): 1/√f = 19 log(Re√f) − 32.4, na ruwa zalla kuma 1/√f = 4 log(Re√f) − 0.4. A bututun 100, gudun mita 3, ruwa mai zafin digiri 35, lambar Reynolds kimanin 420,000 ce. Ruwa zalla ya ba da f kusan 0.0034, layin Virk ya ba da 0.00053. Wato rufin ɗakin kashi 84 ne. Giram 30 a bututu mai wannan faɗi, cikin ruwa mai datti, ba zai kusanci rufin ba.

BabaMaiBawul
Yara ku yi lissafin kuɗi tukuna. Asarar ruwa a santsin bututu, mita nawa a kowace mita 100: 264 × gudu^1.75 ÷ faɗi^1.25, faɗin a milimita. Gudu 3, faɗi 100, ya ba da 5.7. Mita 300 ke nan mita 17. Mita-kubik 85 a awa a kan mita 17 kusan kilowat 4 ne a ruwa, famfo mai ingancin kashi 60 zai ci kamar 6.6. Rabin awa, kilowat-awa 3 da ɗan wani abu. A ce polima ta rage kashi 40, ka tsira da kilowat-awa 1.2. Polimar da ka zuba: 40 × 30, kilo 1.2. Kilo ɗaya na polima a kan kilowat-awa ɗaya. Je ka tambayi kuɗin kilon irin wannan polima, wato poliakrilamaid, a Duwala, ka haɗa da kuɗin mota zuwa Marwa, ka gwada da kuɗin kilowat-awa ko da a gurup (janareta) mai shan gazuwal ne. An sayar da akuya an sayi ƙwai.

MalamFamfo
Baba, lissafinka daidai ne amma ba tambayar da aka yi ba ce. Bai ce yana son rage kuɗin kuran ba. Ya ce bututun ba ya ɗaukar abin da yake so cikin lokacin da yake da shi. Duk inda polima ta yi suna, a kan wannan ta yi. A birnin Bristol na Ingila an yi amfani da ita a magudanar ƙazanta, ana zuba ta lokacin da ruwan sama ya cika bututu kaɗai. 'Yan kwana-kwana na New York sun gwada ta don tiyo ya ƙara ba da ruwa. Ba kullum ake sha ba, maganin lokacin matsi ne.

BabaMaiBawul
To ai shi kullum yake cikin matsin, tunda kullum zai kwashe tankin. Ya sauya bututu zuwa 125 ya huta. A gudana iri ɗaya asara tana sauka da faɗi^4.75. Ninki 1.25 ya ba da 2.9, wato ragin kashi 65, sau ɗaya za ka biya.

Injiniya_Garwa
Allah ya ja zamanin Baba, a nan akwai tarko. Da ruwa ne da na sa hannu. A bututun 125 gudun ya sauko mita 1.9, ƙasa da 2.15 ɗin can. Kunun ya koma tafiya a cure, asararsa ta haura ta ruwa zalla, kashi 65 ɗin ba za su fito duka ba. Masu takarda sun san wannan, wani lokaci ƙara faɗi kusan ba ya ƙara komai. Idan za a bi shawarar Baba, sai a sirka kunun zuwa kashi 1, inda iyakar ta koma 1.22. Amma sirkawa na nufin tura mita-kubik 60 maimakon 40 don zare iri ɗaya. Sai a zauna da fensir a gwada hanyoyin biyu.

Yar_Ngaundere
Ba wanda ya amsa "wace iri", kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Zaren takarda a ruwa cajinsa na lantarki korau ne (−). Poliakrilamaid kala uku ce a kasuwa: mai caji tabbatau (+), mai caji korau (−), da marar caji. Wadda aka fi samu a hannun masu tace ruwa da masu matse laka sau da yawa mai tabbatau ce, an yi ta ne don ta kama datti ta dunƙule shi. Ka zuba ta a kunun kwali, sarƙar za ta manne a jikin zare cikin daƙiƙoƙi, ta haɗa zare da zare. Asara biyu: polimar ta bar ruwa, ba abin da zai yi aiki a bango, sannan curin ya ƙara tauri, iyakar 2.15 ta ƙara hawa. Matsi zai iya ƙaruwa maimakon raguwa.

Abin nema shi ne mai caji korau, mai nauyin ƙwaya miliyan 10 zuwa sama (wato mai doguwar sarƙa ƙwarai), cajin matsakaici, kamar kashi 20 zuwa 30. Ita zare ba ya riƙe ta sosai, tana zama a ruwa, har tana taimakawa zaren ya warwatsu. A faransanci a buhun za ka ga an rubuta anionique. In ba a rubuta caji da nauyi ba, kar ka saya.

Kusiri_Tiyo
Polimar nan ta PEO (poli-etilin oksaid) fa, Malama? Na ji an ce ta fi kowacce ƙarfi.

Yar_Ngaundere
A ruwa mai tsabta, giram da giram, ta fi. Irin Polyox WSR-301 mai nauyin miliyan 4 tana nuna aiki tun daga giram kaɗan a mita-kubik. Amma ita ce ta fi saurin tsinkewa, jabel (kulorin) yana cin ta, garinta ma yana lalacewa a ajiya in ya sha zafi da iska. Ga kuma wani abu: kwalin ruwan ƙasa yana da ragowar lignin (sinadarin da ke manne zaren katako), PEO kuwa tana haɗuwa da irin waɗannan sinadarai ta dunƙule ƙananan zare. Masu takardar jarida sun daɗe suna amfani da ita don haka ma. A farin zare tana warwatsawa, a kwali tana iya dunƙulewa. Kofin gilashi biyu da cokali za su nuna maka cikin minti biyar.

MaiAuduga_Mundu
Ku ba ni dama in karkata kaɗan. Mu a yankin auduga, daga Mundu har Garwa da Marwa inda kamfanin auduga na Sodecoton ke matse mai, akwai gajeren gashin da ake cirewa daga jikin gurya. Wannan zaren za a iya tura shi a bututu haka?

Hajiya_Kimiyya
Za a iya, amma ka dubi tsawo. Wani masani mai suna Kerekes ya ba da lambar cunkoson zare: N = 5 × kauri × tsawo² ÷ nauyin zare a mita, tsawon a mita, nauyin a kilo. Ƙasa da 1 zare yana yawo shi kaɗai, sama da 60 ya saƙa raga. Zare mai milimita 0.9 da nauyin miligiram 0.08 a mita, a kauri 1, ya ba da kamar 50. Mai milimita 2.5 da miligiram 0.2 ya ba da sama da 150. Tsawon ne ke da murabba'i, ka ninka shi biyu cunkoso ya ninka huɗu. Gashin gurya milimita kaɗan ne, yana tafiya idan an sirka shi sosai. Audugar saƙa mai milimita 28 kuwa, giram 25 kacal a mita-kubik ya kai ta 60. Ita ba kunu take yi ba, igiya take tufkawa a farfelar famfo. Sai an daddatse ta, kuma famfon ya zama mai buɗaɗɗiyar farfela.

Abin sha'awa, dogon zare shi ya fi rage gogayya a ɗan kauri, shi ne kuma ya fi toshe komai.

MalamFamfo
Mu dawo kan "a ina ake zuba ta". Bayan famfo, ba gabansa ba. Famfo mai farfela yana juyawa sau 1,450 ko 2,900 a minti, sarƙa mafi tsawo, wadda ita ce mai aikin, tana tsinkewa a tsakiya idan ta ratsa shi, kuma ba ta sake haɗuwa. Duk wanda ya zuba polima a tankin dama kwali ya zubar da kuɗinsa. Bawul da aka rufe rabi don daidaita gudu shi ma wuƙa ne. In akwai shi, allurar zuba polimar ta kasance a bayansa.

Haɗawa kuma ga yadda take. Ruwa mai tsabta lita 600, gari kilo 1.2, wato giram 2 a lita. A kunna madami a hankali, ƙasa da juyi 300 a minti, har ruwan ya yi rami a tsakiya. A barbaɗa garin a gefen ramin kaɗan-kaɗan, kamar mai talge, cikin minti goma zuwa sha biyar. Ka juye shi gaba ɗaya ka samu gudaji, waje ya jiƙa ya yi santsi, ciki busasshe, kuma ko kwana ya yi ba zai narke ba. Bayan barbaɗawa a rage juyi a bar shi awa ɗaya ya nuna. A tace da raga mai ido milimita 1. A tura da famfon Moineau mai murɗaɗɗen sanda, shi ba ya yanka, kimanin lita 1,270 a awa don ya dace da mita-kubik 85. Bakin allura ya kasance a jikin bango, ramuka biyu ko huɗu a kewaye, da bawul mai hana komowa don kar kunu ya shiga layin ya toshe shi.

Ndjamena_Foraj
Ƙari a kan ruwan haɗawa. Ruwan foraj (rijiyar burtsatse) mai gishiri ko mai alli yana sa sarƙa mai caji korau ta naɗe, ta ƙi miƙewa. Mafi muni ƙarfe: narkakken ƙarfe da iska suna yanka poliakrilamaid, kaurin ya zube cikin sa'o'i. Tankin ya zama na roba, ba durom mai tsatsa ba. Idan ruwan foraj ɗin yana yin ja bayan ya kwana, a bar shi ya sha iska, ya kwanta, a tace kafin a haɗa. Ruwan famfon gari kuma a bar jabel ɗinsa ya fita. Ruwan kwalin da ake maimaitawa shi ma yana tara alli daga takarda, to ko an haɗa da ruwa mai kyau, a cikin bututu za ta tarar da shi. Shi ya sa giram 30 na littafi kan zama 50 ko 80 a aikace.

A watan Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, tanki a inuwa, kuma abin da aka haɗa a ƙarar da shi a ranar ko washegari.

Dalibi_Poli
Malamai, me zai hana a yi da abin gida? Cadi tana cikin manyan masu fitar da ƙaro a duniya. Ga kuɓewa, ga karkashi, ga lalo, ga dargaza.

Hajiya_Kimiyya
Ƙaro cire shi. Ƙwayarsa mai rassa ce, dunƙulalliya, nauyinta dubu ɗari kaɗan. Shi ya sa za ka narka shi da yawa ruwan bai yi yauƙi ba. Abin da ya sa masu lemon kwalba ke son sa shi ne ya sa ba shi da amfani a nan. Kuɓewa kuwa magana ce. An gwada yauƙinta a ɗakunan bincike, yana rage gogayya, sai dai da ɗaruruwan giram a mita-kubik, ba gomomi ba. Masu takardar hannu na Japan sun daɗe suna jiƙa saiwar wata 'yar'uwar kuɓewa da suke kira tororo-aoi, su zuba yauƙin a kwatarniyar zare don dogon zare ya warwatsu. Amma su kansu sun fi yin aikin da sanyi, saboda zafi yana kashe yauƙin. Ka ɗauko wannan ka kawo Kusiri a watan Afrilu. Miyar kuɓewa da ta kwana ai ka san yadda take tsinkewa.

Guwa da zantan, garin yauƙi da ake sa wa abinci, suna tsakiya: sun fi jure farfela, zantan musamman don sarƙarsa a sanƙare take, amma suna son giram ɗari zuwa sama kuma ƙwayoyin cuta suna cin su.

MaiAuduga_Mundu
Dargaza fa tana riƙe yauƙinta fiye da kuɓewa, magina sun sani. Wani ɗalibi a Ngaundere ko Marwa ya kamata ya gwada ta a bututu.

Kusiri_Tiyo
Wannan polimar ce ake zubawa a bututun mai?

Injiniya_Garwa
Dabara ɗaya, sinadari daban. Ta mai poli-alfa-olefin ce, a mai take narkewa, ba ta shiga ruwa. Bututun Alaska mai inci 48 shi ya fara amfani da ita a kasuwance a 1979. Ka dubi namu na Doba zuwa Kiribi, kilomita 1,070, inci 30, tun 2003, da tashoshin turawa a Kome da Dompta da Belabo. A bututu irin wannan kusan duk ƙarfin famfo gogayya ke cinye shi, kuma giram ɗin da ka zuba yana aiki ɗaruruwan kilomita kafin ya tarar da famfo na gaba, inda za a sake zubawa. Lissafin Baba ka juya shi: a mita 300 kilo ɗaya ya tsirar da kilowat-awa ɗaya, a kilomita 300, in sarƙar ta jure, ninki dubu ne. Tsawon layi shi ke biyan kuɗin polima. Sharaɗin dai yana nan, sai gudun ya hargitse. Mai mai kauri da ke tafiya a natse ba ta yi masa komai.

BabaMaiBawul
Madalla, ka faɗa da bakinka. Sannan ku tuna ba ta rage tsayi. In tankin zubi yana sama da mita 8, mita 8 ɗin suna nan. Gwiwoyi, bawul, mashiga da mafita, su ma ba ta rage musu abin kirki, wani wurin ma yanka ta suke yi. Sai a raba jimlar matsin famfo uku: tsayi, kayan haɗi, miƙaƙƙen bututu. Na ukun kaɗai ake ciniki a kai. Bututun ƙarfe mai tsatsa a ciki kuma ragin yana ƙasa da na PVC.

MalamFamfo
Kuma a sa ido a kan motar lantarki mai juya famfon. Gogayya ta ragu, famfo mai farfela zai zame zuwa gudana mai yawa, amfiya (wutar da motar ke ja) ta hau, ba ta sauka ba. Motar da dama take daf da iyakarta za ta yi zafi ta yanke. Ɓangaren tsotso shi ma yana ƙara wahala, kunu mai iska a ciki ya sa famfo ya riƙa ƙara kamar yana taunar tsakuwa. A duba takardar da ke nuna matsin famfon a kowace gudana kafin a fara.

Yar_Ngaundere
Abin da ba a taɓo ba shi ne bayan bututu. Injin zubi yana tsotse ruwa ta raga ya bar zare. Polima mai caji korau tana rage saurin tsiyayar ruwan. Kwalin zai iya fitowa da kyan fuska don zaren ya baje daidai, amma da ruwa fiye da da, shanya ta ƙara tsawo, mai busarwa da itace ya ƙara itace. Ruwan da aka tsotse yana komawa tankin dama, da guntayen sarƙar da suka tsinke. Su ba sa rage gogayya, taruwa kawai suke, kuma in ana sa sitaci mai caji tabbatau don ƙarfin kwali za su cinye shi. A auna nauyin jiƙaƙƙen kwali guda 20 kafin da bayan, kwana biyar a jere.

Tsaro kuma: a nemi takardar da ke nuna ragowar akrilamaid, sinadarin da ake yin polimar da shi, shi guba ne ga jijiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikrogiram 0.5 a lita. Kar ruwan nan ya bi kwata zuwa inda dabbobi ke sha. Garin da ya zube a ƙasa a share shi a bushe. Ka watsa masa ruwa ka yi wa ma'aikata tarkon santsi.

DanMarwa_Kwali
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To in za a gwada kafin a kashe kuɗi, a ƙaramin tiyo za a fara?

Hajiya_Kimiyya
Ƙaramin bututu yana yin ƙarya mai daɗi. Kashin ragin da za ka gani a milimita 25 ya fi wanda 100 zai ba ka, kuma zare a ƙunci halinsa daban. In dole ne, kar ka sauka ƙasa da 50, kuma ka daidaita gugar bango, ba gudu ba: guga = faɗuwar matsi × faɗi ÷ (4 × tsawo). Faskal 14 a bututun 50 yana zuwa a kimanin mita 2.7 a daƙiƙa. Kar a yi gwajin da ruwa ke zagayawa ta famfo yana dawowa, sarƙar za ta mutu a zagaye kaɗan ka ce ba ta aiki.

Tunda layin yana nan, a kansa ya fi. Huda biyu a miƙaƙƙen wuri, mita 50 tsakani, ta farko aƙalla mita 10 bayan allura, a gefen bututu ba a ƙasa ba, bakin hudar a goge shi sumul. A sa ɗan layin ruwa mai wanke hudar, in ba haka ba zare ya toshe ta agogo ya daskare. Gudana kuma a auna ta da saukar tanki da agogon hannu in babu na'urar auna gudana mai maganaɗisu. Awo uku: ruwa zalla, kunu ba polima, kunu da polima a giram 10, 20, 40, 80. A rubuta zafin ruwa kowane awo, don tsakanin digiri 20 na safiyar hunturu da 35 na rana, ruwa zalla ma yana bambanta da kusan kashi 8.

Injiniya_Garwa
A kuma faɗi da me aka gwada. Mai sayarwa zai ce kashi 50, yana nufin a kan ruwa zalla, alhali zaren ya riga ya ba ka wani kaso kyauta. Naka shi ne bambanci tsakanin awo na biyu da na uku, a gudana iri ɗaya. A ƙara huda ta uku kusa da ƙarshen layi, a ga ko ragin ya kai can ko ya mutu a hanya.

Ndjamena_Foraj
Akwai masu amfani da sinadarin sabulu maimakon polima a layin ruwan sanyaya gine-gine a Japan, shi in ya tsinke yana sake haɗuwa. Zai yi a nan?

Yar_Ngaundere
A rufaffen layi na ruwa mai tsabta yake yi. Mafi yawansu cajinsu tabbatau ne, zare zai shanye su, ana sa su da ɗaruruwan giram zuwa sama, ga kumfa a tankin zubi. A'a.

BabaMaiBawul
Ni har yanzu ina kan bututun 125 da kauri 1. Ko ma a matso da tankin dama kusa da injin, mita 300 na mene ne?

MalamFamfo
Baba, bai gaya mana girman farfelar da ke cikin famfon ba ma. Sau da yawa gidan famfo yana ɗaukar farfela mafi girma da milimita 10 ko 15, matsi kuma yana hawa da murabba'in faɗinta. Malam DanMarwa, turo abin da ke rubuce a farantin famfo da na mota, da tsayin tankin zubi, da yawan gwiwoyin da ke layin.